Dokin da na je nema a Anyang

Gidanmu ba a raba mu da ingarma a turke, don haka da na fara koyon Sinanci a Beijin, harafin da ya fara zama a kaina shi ne 馬, wato doki. Suna kiransa "ma". Malamarmu ce ta ce in ina son ganin kakan harafin nan, sai in tafi Anyang a lardin Henan. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa mai sauri, ban cika awa uku ba na sauka.

Yinxu na nufa, kufan babban birnin ƙarshe na daular Shang, a bakin kogin Huan. A nan manoma suka riƙa tono ƙasusuwan kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru suna sayar wa masu magani, har 1899 da wani masani mai suna Wang Yirong ya lura cewa zanen da ke jikinsu rubutu ne. Masu duba na sarki ne suka rubuta tambayoyinsu a kai, shekara fiye da 3,000 da suka wuce.

Na daɗe ina leƙa gilasai a gidan tarihin wurin kafin na sami harafin. Wallahi doki ne sak, sai dai an tsayar da shi kansa sama, wutsiya ƙasa. Ga ƙaton ido ya cinye rabin kai, ga geza a tsaitsaye, ga ƙafafu. Wanda ya sassaƙa wannan ya san doki, ya san geza ce ke raba shi da sauran dabbobi. Can gaba kuma ga ramuka da aka binne kekunan yaƙi, kowanne da ƙwarangwal ɗin dawakinsa biyu a kwance.

Japanawa sun ari harafin, har yau da zanensa goma suke rubuta shi. Su "uma" suke cewa, ko "ba" a kalma irin "keiba", tseren dawaki. Sin kuwa ta sauƙaƙa shi zuwa 马, zane uku kacal, ɗigo huɗun nan na ƙasa masu kama da ƙafafu suka koma layi ɗaya. Na san yara sun samu sauƙi, amma ni rashin ƙafafun nan ya yi mini zafi.

A jirgin komawa na buɗe littafina ina kwaikwayon tsohon zanen. Wata dattijuwa da ke gefena ta leƙo, ta ɗora yatsa a kan gezar, ta ce, "Ma."