Talata: mun tayar da bango biyu

Ƙarfe bakwai muka isa filin da muke ginin katako, a bayan garin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Daɓen kankaren ya yi mako da zubawa, faɗinsa ƙafa 28, tsawonsa ƙafa 40. Katako tun jiya aka sauke, aka ɗora shi a kan guntaye don kada ya sha danshin ƙasa.

Ba mu taɓa zarto ba sai da muka gwada daɓen. Idan aka ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke can ƙetare, ya kamata a samu ƙafa 48 da inci 10 saura ƙiris, kuma ɓangarorin biyu su zo daidai. Namu ɗaya ya ɗara ɗaya da inci guda. A irin wannan hali ba a bin bakin daɓe, domin karkatar za ta bi bango har rufi. Sai muka zaɓi dogon gefen da ya fi miƙewa, muka buga zaren alli inci uku da rabi daga baki, muka fitar da kusurwa da awon ƙafa 12, 16 da 20. Katakon ƙasa ya ɗan leƙo waje da kamar rabin inci a kusurwa ɗaya, wannan kuwa rufin bango zai ɓoye shi.

Katakon da ke kwanciya a kan kankare dole ya zama wanda aka dura wa magani, mai launin kore-kore, saboda gara da ruɓa. Garar nan ba ta da wasa, kamar dai ta gida. Maganin yana da tagulla a ciki, yana cinye ƙusa ta gama-gari, shi ya sa duk ƙusar da za ta shiga wannan katako sai mai rufin tutiya. Ƙusoshin noti da aka dasa cikin kankare kaurinsu rabin inci ne, tazararsu ba ta wuce ƙafa shida, kuma ana son ɗaya cikin inci 12 daga ƙarshen kowane katako. Biyu sun faɗo daidai inda tsayayyen katako na cikin bango zai zauna, muka yanke su, muka huda kankare a gefe muka dasa wasu.

Wurin zana tazara ne aikin yake. Tu-bai-fo na nan, wato katakon da ake kira inci biyu da huɗu, suna ne kawai, ainihin awonsa inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi. Ana jera tsayayyun inci 16 daga tsakiya zuwa tsakiya, don allon OSB, na matsattsun ɓarɓashin katako da ake rufe bango da shi, mai faɗin ƙafa huɗu ya ƙare a tsakiyar katako, na gaba ma ya samu wurin kama ƙusa. To amma alamar da ake zanawa ta gefen katako ce, saboda haka ta farko a kan inci 15 da kwata take, daga nan a riƙa ƙara 16. A haɗa katakon sama da na ƙasa a zana su lokaci guda da sukwaya. A bangon yamma an fara da 16 cif, ba mu lura ba sai da allo na farko ya ƙare a bakin katako, babu inda ƙusa za ta kama. Maimakon mu kwance bango, muka rage allon farko zuwa inci 32 da 3/4, sauran suka hau daidai. An yi asarar guntun allo, kuma ni raina bai so ba.

Tsayayyun suna zuwa a yanke, inci 92 da 5/8. Da katakon ƙasa ɗaya da na sama biyu, bango ya tashi inci 97 da 1/8. Kowanne sai an ɗaga an hanga tsawonsa da ido ɗaya, a juya doronsa sama, duka su fuskanci gefe guda. Wanda ya murɗe a ware shi don gajerun yanka. Ƙusa biyu a kowane kai. Lintar ƙofa tu-bai-ten (katakon inci biyu da goma) guda biyu ce da filawud na rabin inci a tsakani, ta cika kaurin bango.

Bayan azahar mutum biyar muka ɗaga bangon arewa, rabi-rabi, ƙafa ashirin-ashirin, muka zura shi kan ƙusoshin noti. Aka sa lebul a kusurwa, aka tokare da dogayen katako duk ƙafa goma kafin kowa ya saki hannu. Katakon sama na biyu ya haye mahaɗar na farko da ƙafa huɗu.

Allo ana ba shi ƙusa duk inci shida a baki, inci 12 a tsakiya, a bar 1/8 na inci tsakanin allo da allo don yana kumbura in ya sha ruwa. Iskar bindigar ƙusa, na'urar da ke buga ƙusa da ƙarfin iska, ta yi yawa da farko, kan ƙusa yana nutsewa cikin allo, riƙonsa ya ragu. Muka rage iska, muka ƙara ƙusa kusa da kowace da ta nutse.

Hadari ya haɗo wajen la'asar. Muka ƙara tokara biyu a bangon yamma saboda iska, muka lulluɓe sauran katako da tamfol. Gobe bangon kudu, mai tagogi huɗu.