Gindin tumfafiya da kyamarar waya

Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara in yana sha'awar ɗaukar hoton ƙwari kusa-kusa, abu ɗaya nake ce masa, ya je ya nemi tumfafiya. Ba sai an je Yankari ba, duk wani kangon fili a bayan gari ko gefen titi ko bakin kwata za ka same ta, babu mai fesa mata magani, dabbobi ma ba su cika damun ta ba, kuma rani da damina tana nan da ganyenta lokacin da komai ya bushe. Mutane dai sun raina ta. Amma ka tsuguna a gindinta na minti goma ka riƙa ɗaga ganye kana leƙa ƙarƙashi, wallahi sai ka rasa wanne za ka fara ɗauka.

Abu na farko da za ka ci karo da shi darɓa ce, 'yan mitsi-mitsi ruwan ɗorawa masu baƙaƙen ƙafafu, sun yi cincirindo a kan tohon ganye suna tsotsar ruwansa. Da ido kawai sai ka ce wata ƙura ce ta kwanta a wurin. In ka matsa da gilashi za ka ga kowacce da wasu 'yan bututu biyu baƙaƙe a bayanta, wasu da fiffike wasu babu, ga kiyashi na zirga-zirga a kansu yana lasar wani ruwa mai zaƙi da suke fitarwa. Sunanta na kimiyya Aphis nerii. Sai kuma farar tumfafiya, wadda ko yaran da ke kamun fara sun san ba a cin ta. Tana zaune a fili da launinta mai ɗaukar ido, ba ta gudu ba ta ɓuya, don gubar da ke cikin nonon tumfafiya ta riga ta tara ta a jikinta, tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ba ya komawa. Ga mai koyo babu kamarta, za ta tsaya maka ka ɗauka ta gaba ka ɗauka ta gefe. Kar dai ka kama ta da hannu, tana fesa wani ruwa mai wari in an matsa mata. Shi ma nonon tumfafiyar a yi hattara da shi, in ya shiga ido ba ƙaramin aiki ba ne, kuma mai ɗaukar hoto kullum hannunsa na kai wa ido.

Kayan aikina ba wasu na a-zo-a-gani ba ne. Waya ce da ɗan gilashin makro ɗin nan, wato mai ƙara girman ƙananan abubuwa in an matsa kusa, mai maƙali da ake ɗana wa a kan kyamara, masu sayar da kayan waya suna da shi, galibi a haɗe yake zuwa da wani gilashin mai faɗaɗa hoto, sai ka warware na saman ka bar na ƙasan. Wasu sababbin wayoyin ma da nasu makro suke zuwa, ko da yake a ƙananan wayoyi wannan ƙaramar kyamarar sau tari megafiksel 2 ce kacal, gara ka ɗora gilashi a kan babbar. Akwai masu cire ɗan gilashin da ke cikin tsohon injin DVD su manna a kan waya, yana yi kam, sai dai gefe-gefen hoton duk dishi-dishi yake fita. Masu babbar kyamara kuma su suna da tasu hanyar, ko su juya gilashin baibai da wani zobe, ko su sa bututu tsakanin gilashi da kyamara, ko su sayi gilashin da ake maƙalawa a gaban na kyamarar irin Raynox DCR-250. Wannan sai mai hali.

Babbar wahalar dai ɗaya ce ko da me kake ɗauka. Duk yadda ka matsa kusa, wurin da ke fita tar a hoton yana ƙara sirancewa, har ya koma milimita ɗaya ko biyu, sai ka ga idon fara ya fito ras amma ƙafarta ta baya ta narke, ka yi numfashi kaɗan idon ma ya tafi. Shi ya sa na daina wahalar danna sikirin ina neman saiti. Ina kulle saitin wuri ɗaya, in dafa gwiwar hannu a kan gwiwata ko a jikin bango, sai in riƙa matsawa gaba da baya a hankali da jikina gaba ɗaya ina ɗauka a jere ba ƙaƙƙautawa, daga baya in zauna in share tarkacen in bar ɗaya ko biyu. In iska na kaɗa ganyen sai in riƙe reshen da hannun hagu in jingina wayar a kan wannan hannun, kun ga ko ya motsa tare za su motsa. Kuma ido ake nema. In ido ya fita, mai kallo zai yafe maka sauran.

Haske kuwa, ranar tsaka ba ta yi, jikin ƙwaro ƙyalli gare shi, sai hoton ya cika da fararen tabo. Farar takarda ko farar leda da za ka tare rana da ita ta isa ta tausasa hasken. Lokacin da ya fi shi ne bayan asuba zuwa hantsi, musamman da hunturu, tunda ƙwari ba sa ɗumama jikinsu da kansu yadda muke yi, sanyi na kama su sai su yi laƙwas a kan ganye har rana ta ɗaga. Ƙudan da ba zai taɓa bari ka matso shi da azahar ba, da sanyin safiya sai ka ga dama. Na san akwai masu kama ƙwaro su sa a firij ya sandare sannan su ɗora shi a kan fure su ɗauka. Ni dai ban ga amfanin wannan ba, hoton ma ana gane shi, ƙafafun a lanƙwashe suke fita wani iri.

Sai ka shirya wa mutane kuma fa. Babba da kai ka tsuguna a bakin bola kana nuna wa ganye waya, kafin ka ɗago yara sun zagaye ka, wani dattijo zai tsaya ya ce Malam lafiya, wani abu ne ya faɗi? Ka nuna masa hoton kawai. Yawanci sai ya ce ikon Allah, ya ƙara matsowa. A jikin katangar gidan mutane kuwa ka fara yin sallama ka nemi izini, zamanin nan ba a wasa da wannan.

Wanda ya fi shiga raina duk cikinsu ba ƙwaro ba ne ma in za a bi ƙa'idar masana, ɗan gizo-gizon nan ne mai tsalle da ke yawo a bangon ɗaki da jikin taga yana farautar ƙuda. Ƙwaro ƙafa shida gare shi da jiki kashi uku da 'yan ƙahonni biyu na sansano abu, gizo-gizo kuwa ƙafa takwas, jiki kashi biyu, babu ƙaho babu fiffike. Masu tsallen nan danginsu ake kira Salticidae, sun haura iri 6,000 a duniya, babu dangin gizo-gizo da ya kai su yawa. Ba sa saƙa yana don kamu. Laɓaɓawa suke yi su dira a kan abinci, kuma kafin ya yi tsalle sai ya manna zare a inda yake tsaye, in ya kuskure sai ka gan shi yana reto ya hau abinsa ya dawo. Ido takwas gare shi, biyu na gaba manya-manya kamar fitilun mota, kuma da ka matso sai ya juyo gaba ɗaya ya ɗaga kai ya zuba maka su. Sauran ƙwari gudu suke ko su yi kamar ba ka nan, shi wannan kallon ka yake yi. Wani lokaci har ya daka tsalle ya hau kan gilashin, ka duba sikirin ka ga wayam, ashe yana kan yatsanka.

Biyu ne na fi gani a gida. Akwai Plexippus paykulli, namijin baƙi da farin layi a tsakiyar baya da gefe-gefe, macen kuwa ruwan ƙasa ce, in ba a faɗa maka ba za ka rantse iri biyu ne. Akwai kuma Menemerus bivittatus mai ruwan toka, jikinsa a shafe, ya fi son bangon da fitila ke haskawa. Suna da wani ɗan uwa can yankin tafkin Biktoriya a Kenya da Yuganda, Evarcha culicivora, shi abincin da ya fi so macen sauro ce wadda ta riga ta sha jini. Ina ma a ce muna da shi a nan.

To maganar sanin suna, nan ne nake ganin yawancinmu muke gaggawa. Mutum ya ɗauki hoto ɗaya ya jefa a Google Lens, manhajar nan mai gane abu daga hoto, sunan da ya fara fitowa shi zai rubuta a Facebook. Alhali manhajojin nan da hotunan da aka ciyar da su suke aiki, kuma mafi yawan hotunan daga Amurka da Turai suka fito, namu kaɗan ne. Ɗauki malam-buɗe-littafin da ke yin ƙwai a kan tumfafiya, mai ruwan lemo da baƙin baki da fararen ɗigo. Sau da yawa za ka ga an sa masa sunan shahararren nan na Amurka mai ƙaura zuwa Meziko, Danaus plexippus. Namu Danaus chrysippus ne, ɗan uwansa, kuma a nan Afirka ta Yamma fiffikensa na baya fari ne. Tsutsar ma ta bambanta, tamu tana da zare-zare masu kama da ƙaho har tagwaye uku a bayanta, ta Amurka tagwaye biyu. Sannan ga wani rikicin, macen wani malam-buɗe-littafi daban, Hypolimnas misippus, ba ta da guba amma ta ari kamanninsa sak don tsuntsaye su ƙyale ta. Tsuntsu ma ya ruɗe balle waya.

Ni iNaturalist nake amfani da shi, wani dandali ne da ake ɗora hoton halitta a tantance sunanta. Ɗalibai ne suka fara shi a 2008 a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kyauta ne, kuma abin da ya sa na fi yarda da shi mutane ne ke duba hoton bayan kwamfuta ta yi nata hasashen. In aka samu aƙalla mutum biyu kuma sama da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka yarda da suna ɗaya, sai a ɗauke shi a matsayin wanda masu bincike za su iya amfani da shi. Amma sai ka ba su abin dubawa. Hoton fuskar nan mai kyau da kowa ke yaba maka, ga mai tantancewa sau tari bai isa ba. Yana son ya ga baya daga sama, ya ga gefe, ya ga jijiyoyin fiffike, in gizo-gizo ne ya ga yadda idanu suka jeru. Ka faɗi gari da rana, ka faɗi shukar da ka same shi a kai, ka ajiye tsinken ashana a gefe in ya yiwu don a san girmansa. In a gidanka ka ɗauka akwai zaɓin ɓoye ainihin wurin, ka yi amfani da shi.

Duk da haka wani hoton sai ya yi wata da watanni ba wanda ya taɓa shi, wani kuma a tsaya a kan dangi kawai. Ba wulaƙanci ba ne. Gizo-gizon da aka ba suna a duniya sun wuce 50,000 tun 2022, kuma da yawansu ba a rabe su sai an sa al'aurarsu a ƙarƙashin madubin bincike. In aka ce maka Salticidae ne aka yi shiru, ka rubuta Salticidae ka bar shi haka, ya fi ka laƙaba masa sunan wani na Ostireliya.

Kar kuma a ɗauka duk wasa ne. Manomin masara da ya iya ɗaukar tsutsa kusa zai iya gane muguwar tsutsar nan da ta shigo Afirka daga nahiyar Amurka, wadda aka fara ba da rahotonta a Najeriya da maƙwabta a 2016, tana da alamar Y a kife a goshi da ɗigo huɗu a jere murabba'i kusa da wutsiya. Haka ƙunar nan da mutum ke tashi da ita a wuya ko fuska da damina a ce tautau ne ya yi masa fitsari, sau da yawa wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi, Paederus, da ke bin hasken fitila. Ba ya cizo ba ya harbi, sai an murje shi a kan fata gubarsa ke fita. In ka gan shi a jikinka hure shi za ka yi, in kuma ka riga ka murje ka wanke wurin da sabulu nan take.

Wanda nake nema yanzu shi ne Myrmarachne, gizo-gizon da ke kwaikwayon tururuwa, har ɗaga ƙafafunsa biyu na gaba yake yi su zama kamar ƙahonni don ƙafa shida kawai a gani a ƙasa. Duk wanda ya ga wata tururuwa ita kaɗai a kan ganyen mangwaro ta tsaya ta juyo tana kallon sa, ko ta sauko da zare, don Allah ya ƙirga mata ƙafafu kafin ta gudu.