Gishirin da na wanke da hannuna

A shekarata ta biyu ina karatun ilimin duwatsu a Kumasi, aka ba ni aikin gyara akwatunan samfuri bayan damina. A ɗaya daga ciki akwai guntun fairait, dutsen nan mai ƙyalli da sabon shiga galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, kan ɗauka zinariya ce. Daga yankin Obuasi aka ɗebo shi, inda zinariya kan ɓuya a cikin irinsa. Na ga wani abu kore-kore ya tsiro a bayansa kamar gishiri, na ce fumfuna ce, tunda a Kumasi ko takalmi ka ajiye sai ya yi. Na kai famfo. Kafin in goga ma ya narke.

Malaminmu bai yi faɗa ba. Takardar sunan samfurin ya ciro daga gindin akwatin ya miƙo mini. Ta yi ruwan ƙasa, duk ta huhhuje, ina taɓawa tana marmashewa. Ya ce, "Ɗana, fumfuna na cin takarda haka?"

Ashe wani ma'adini mai suna melantarait na wanke. Idan fairait ya daɗe cikin iska mai laima, ƙarfe da farar wutar da ke jikinsa sukan haɗu da iska da ruwa, a sami asid, a kuma sami wannan gishirin na salfet. Asid ɗin ne ya ci takardar. Kowane ƙwayar salfet a cikinsa na riƙe da ƙwayoyin ruwa 7. Taurinsa 2 ne a ma'aunin Mos, farce ma yana kankare shi. Ba a cika ganinsa ba domin ba ya jimrewa: ruwa ya narkar da shi, bushewa ta mai da shi gari. Sai a bangon ramukan haƙar ma'adinai da ruwan sama ba ya kaiwa, kamar na Dutsen Ƙarfe a Kalifoniya ta Amurka, ko a gaɓar kogin Riyo Tinto na Sifen da rani.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda yake zuwa in ya narke. Asid da ƙarfen da ya tara, ruwan farko kan kwashe su zuwa rafi. Da na koma gida Aboabo na tarar Mma na jujjuya alif a bokiti, shi ma ɗin salfet ne. Laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Na tsaya ina kallo, ina tuna mutanen bakin Ofin da Pra, kogunan da suka ratsa yankunan haƙar zinariya, don na riga na san ba duk abin da ya narke a ruwa ido ke gani ba.

Wani guntu ya rage a akwatin, na bar shi a buɗe da gangan. Hunturu na shigowa a Disamba, koren ya dushe, ya zama farin gari. Akwai kuma guntu na uku, shi na rufe shi ruf a kwalba, na rubuta kwanan wata a waje, ba a ciki ba.