Asabar a garin Cass, ni da Baba

Ƙarfe goma na dare ta wuce. Baba ya yi barci tun bayan isha'i, ni kuwa har yanzu kunnuwana na jin usur ɗin jirgin ƙasa na gawayi da muka hau yau. Babu sabis a waya, don yankin nan na jihar Birjiniya ta Yamma an taƙaita siginar waya da rediyo saboda babban faifan sauraron sararin samaniya da ke Green Bank, nan kusa. Sai na rubuta a takarda, idan mun koma gida na ɗora.

Tun da Baba ya zo Amurka wata biyu ke nan, babu abin da ya ɗauki hankalinsa. Dogayen gine-gine, manyan kantuna, duk sai ya ce "to, madalla" ya wuce. Mutumin da ya shiga aikin reluwe a Zariya yana saurayi, ya ci zamanin jirgin gawayi kafin na dizal ya ture shi, na san abin da zai tayar masa da tsumi. Shi ya sa na ɗauko shi muka kwana a hanya muka iso nan da hantsi.

Cass ƙaramin gari ne a bakin kogin Greenbrier. Kamfanin yin takarda ne ya gina shi a farkon shekarun 1900 don ma'aikatansa, fararen gidajen katako a jere iri ɗaya, da kantin kamfani da har yau yake tsaye. A ɗaya daga cikin gidajen muke kwana yanzu. Abin da ya kawo kamfanin itatuwan saman dutse ne, wani irin dogon ice mai kama da fayin da ake kira sifurus. Itacen yana can sama, injin tsaga katako yana nan ƙasa, tsakaninsu hawa ne da ko jaki zai ji a jikinsa.

Muna tsaye a tasha kan jirgin ya taho yana huci. Baba ya dube shi ta hagu, ya yi shiru, ya ce, "Wannan ina hannuwansa?" Yana nufin dogayen sandunan ƙarfen nan da ke haɗa ƙafafun jirgin gawayin da ya sani, masu kai da komo kamar hannun mai daka. Na ce, "Baba, ku zagayo ta dama ku gani."

Ta dama ɗin ne duk aikin yake. Silinda uku a tsaye, kai sama, jere a gefen tukunyar, fistin yana sauka yana hawa. Saboda nauyinsu ya taru a gefe guda, sai aka gusar da tukunyar zuwa hagu, shi ya sa idan ka tsaya a gabansa za ka ga kamar ya karkace. Fistin ɗin suna juya wata sandar ƙarfe da ta bi tsawon jirgin daga gaba har baya, dab da ƙafafu, kamar farfelar babbar mota amma a waje, kowa na gani. A jikin sandar akwai ƙananan giya masu haƙora, kowace ta ciji babbar giyar da ke manne a fuskar ƙafa. Baba ya durƙusa, duk da ciwon gwiwarsa, ya daɗe yana kallo. Da kansa ya gano sauran: ya nuna mini gaɓoɓin da ke ba sandar damar lanƙwasa, da wurin da wani ƙarfe mai kusurwa huɗu yake zamewa cikin ɗan'uwansa, yadda sandar za ta ƙara tsawo ko ta rage idan an shiga kwana. Ya ce, "Ka ga ni, ƙafafun ba a ɗaure suke da jikinsa ba. Rukuni-rukuni ne, kowane yana juyawa da kansa. Wannan ko layin ya yi kamar maciji zai bi."

Sunan irin wannan kan jirgi Shay, sunan wanda ya ƙirƙiro shi. Ephraim Shay ɗan kasuwar katako ne a jihar Mishigan, wanda ya gaji da jiran ƙanƙara ta sauka kafin a ja gumagumai daga daji a kan dusarta. Ya yi rajistar fasaharsa a 1881, wani kamfani a garin Lima na jihar Ohayo ya riƙa ƙerawa har 1945, sama da guda 2,700. Na ƙarshen da aka ƙera, mai lamba 6, yana nan Cass, ƙato mai nauyin tan 162. Akwai kuma mai lamba 5 da aka ƙera a 1905, wanda tun zuwansa yake hawa wannan dutse.

Da muka tashi sai abin ya ba Baba mamaki. Jirgin yana bayanmu, tura taragun yake yi zuwa sama, ba ja ba. Ƙararsa kuwa, cak-cak-cak ba ƙaƙƙautawa, idan ka rufe ido sai ka rantse gudu yake shararawa. Ka buɗe ido ka ga mai keke zai iya wuce shi. Dalili shi ne sai injin ya juya sau biyu ko uku kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Tifa ce cike da yashi ta sa giya ɗaya a kan hawa, sai dai shi ba shi da giya ta biyu, haka zai tafi har abada. An sayar da gudu an sayi ƙarfi. Kuma kowace ƙafa tana ja, har waɗanda ke ƙarƙashin tankin ruwa, don haka duk nauyinsa yana taimaka masa riƙe layi. Babban layin dogo na yau da kullum, idan hawa ya kai mita biyu cikin kowace mita ɗari an ce ya yi tsanani. Nan akwai wuraren da ya kai tara.

Baba ya ce jirgin da ya sani, in ka kawo shi nan, ƙafafunsa za su yi ta juyawa a wuri ɗaya ko da an zuba buhun yashi nawa. Ya tuna mini da ƙaramin layin da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957, da yadda manyansu a wurin aiki ke ba da labarin wahalar hawan Filato.

Sau biyu muka kai inda dutsen bai ba da wurin yin kwana ba. Sai jirgin ya shige wani guntun layi ya tsaya, wani ma'aikaci ya sauka ya juya makullin layi, mu koma da baya amma muna ƙara hawa. Can gaba kuma a sake. Kamar yadda mai ɗauke da kaya a ka yake hawa tudu a karkace.

A Whittaker aka tsaya, inda aka ajiye kayan aikin masu saran itace. Nan ne jikina ya yi sanyi. Akwai 'yan ɗakunan katako da ake ɗorawa a kan tarago, ma'aikata su kwana ciki, idan an gama da wannan kwari a ɗauke ɗakunan da layin gaba ɗaya a kai wani. Layin na wucin gadi ne, ba a tsaya gyara masa ƙasa sosai, shi ya sa ake son jirgin da zai jure karkatacciyar hanya. Akwai wata ƙatuwar na'ura mai hasumiya da igiyoyin ƙarfe, wadda ke fizgo gungume ta sama daga nesa. Da wannan na'ura da wannan jirgi, babu lungun da ya gagara. Dajin da tsaurin dutse ya kare tun fil azal, cikin shekara sittin aka sauko da shi. Injin katakon Cass ya tsaya a 1960, a 1963 aka fara ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Taragun da muke zaune ciki ma na ɗaukar gumagumai ne aka sa musu benci da rufi.

Na faɗa wa Baba abin da ke raina, cewa ina son jirgin amma ina jin zafin abin da aka yi da shi. Ya ce, "Mu ma gyaɗa da kuza muka yi ta kaiwa bakin teku, ba mu taɓa tambayar ina za su ba. Albashi muke jira." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

A kan hanya an sake tsayawa jirgin ya sha ruwa daga wani tanki da ruwan dutse ke cikawa. Mai zuba gawayi ya leƙo, fuskarsa baƙi ƙirin, Baba ya ɗaga masa hannu biyu. Shi kaɗai a taragonmu ya san abin da shebur ke yi wa bayan mutum a kan irin wannan hawa.

Mun kai Bald Knob, kilomita kusan 18 daga Cass, tsayinsa ƙafa 4,842. Sanyi har cikin ƙashi, ganyayen ƙasa sun yi ja da ɗorawa, ga farin faifan Green Bank can ƙasa kamar faranti. Itatuwan sifurus sun sake fitowa a saman, masu duhun kore, amma duk 'yan baya ne. Muka sami gefe muka shimfiɗa darduma muka yi azahar da la'asar a haɗe.

A saukowa birki ne ke aiki, ma'aikata a kan taragu suna murɗa na hannu, giyar kuma tana riƙe jirgin kada ya kwasa. Da muka iso tasha Baba ya ƙi tafiya sai da ya ga an bi haƙoran nan ana shafa musu giris. Na ce akwai wasu iri biyu a nan, Heisler mai silinda biyu a karkace da sandarsa a tsakiya ta ƙarƙashi, da Climax. Ya ce gobe bayan asuba mu je ya gansu kafin mu kama hanya.

Ɗazu da zai kwanta ya cire hularsa, garin gawayi ya zubo a kan zanen gado. Na kai hannu zan kakkaɓe hular, ya ce in bar masa ita haka.