Shirun miji da ƙorafin mata a zaman sulhu

Duk wanda ya saba zaman sulhun ma'aurata a Jos, a zauren mai unguwa ne a Gangare ko a gidan liman a Unguwar Rogo, ya san yadda abin ke tafiya. Matar tana ta zayyano damuwarta, mijin ya haɗe rai ya zuba wa tabarma ido. Ita ta ɗauki shirun raini, sai ta ƙara ɗaga murya. Shi kuma yana jin tuhuma, sai ya zari makullin mashin ya nufi majalisa.

John Gottman na Jami'ar Washington a Amurka ya daɗe yana nazarin ma'aurata. Ya gano cewa galibi mata ke fara tayar da zancen matsala, kuma kusan kashi 85 cikin ɗari na masu yin gum maza ne. Idan bugun zuciya ya haura 100 a minti yayin gardama, mutum ba ya iya sauraro, sai jiki ya samu aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Ke nan tashin miji ba laifi ba ne. Laifin shi ne fita ba tare da cewa "bayan isha'i za mu ƙarasa" ba, ko ya faɗa ya ƙi cikawa. A tsakanin, ya yi alwala, ya bar kitsa martani a zuci.

Ita kuma ta ɗauki matsala ɗaya tak, kuɗin cefane ne ko rabon kwana, kada ta haɗo da na bara. Ba a gaban yara ko abokiyar zama ba, ba kuma yana shigowa da yunwa ba.

Babban kuskuren na wurin masu sulhu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a samo mai sulhu daga danginsa, wani daga danginta, amma sau da yawa maza zalla ake tarawa. Kunyar surukai ta ɗaure mata baki, a ce "ki yi haƙuri", a shafa fatiha. Miji ya tashi a kan an gama, ita kuwa ko farawa ba ta yi ba, bayan wata guda sai yaji. Mafita ita ce a fara jin kowa shi kaɗai, ita a gaban gwaggonta ko innarta. A sa miji ya maimaita abin da ta faɗa kafin ya kare kansa. Bayan mako biyu, gwaggon ta koma ta tambaye ta ita kaɗai ko an cika alkawarin.