Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Guduma Da Wuta

Makon jiya na tsaya a inda Dada, mahaifiyata, ta sayar da tunkiyarta, ta ba Hamma, yayana, kuɗin goro ya kai ni gareji koyon gyaran bodin mota. Da yawa kun tambaya ko Baffa ya sa albarka. Bai sa ba. Abin da ya faɗa a zaure, gaban almajiransa, shi ne wai gidan da aka gaji allo ya wayi gari ya haifi mai bugun gwangwani. A 1994 ke nan, lokacin Gombe tana ƙarƙashin Jihar Bauchi. Baffa ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, na kuma yafe masa, amma har gobe idan na ɗaga guduma sai maganar ta faɗo mini.

Garejin yana wajen Tashar Dukku, fili ne kawai da rumfar kwano da bishiyar dalbejiya, sai gawarwakin Fijo 504 birjik. Ita ce motar zamanin, a Kaduna ake haɗa ta, ita ke jigilar Bauchi da Yola da Biu, don haka ita ce ta fi zuwa mana a lotse. Maigida bai ba ni guduma ba sai da na daɗe. Aikina ɗebo ruwa, gugar samfefa har yatsu su yi jini, da wanke tukunyar kabaid. Yaran yanzu ba duka suka san ta ba. Kabaid wani abu ne kamar tsakuwa, toka-toka, idan ruwa ya taɓa shi sai ya fitar da gas mai warin tafarnuwa. Wannan gas ake haɗawa da iskar oksijin ta dogon tulu, su bi ta tiyo biyu su haɗu a bakin tocilar walda, a sami wutar da ke narkar da ƙarfe. Farin dagwalon da ya rage a gindin tukunya ni ke kwashewa kullum da safe. Abu biyu Maigida ba ya wasa da su: wuta ta koma cikin tiyo, da kunna tocila kusa da tankin mai. Ya kan ce tankin da babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa. Ga shi shekarun wahalar mai ne, kowane direba da jarkarsa a but, sai mun zazzage mota tas kafin a kunna ashana.

Ranar da ya fara koya mini aiki na gaske, madigadin wata 504 ne da ta daki saniya a hanyar Kumo. Na ɗauko guduma ina jiran umarni, sai ya ce, "Ajiye, yaro. Tambayi ƙarfen tukuna, ta ina duka ya shigo?" Ya kama hannuna ya ɗora tafina a kan wurin, ya ce in rufe ido in shafa. Sai na ji abin da ido bai nuna mini ba: ramin tsakiya, da tudun da ya taso kewaye da shi, da wani siririn kan da ya miƙe har bakin ƙofa. Ya ce inda duka ya ƙare nan ake fara gyara, inda ya fara nan ake gamawa. Idan ka faɗa wa tsakiyar rami da bugu, ƙarfen zai miƙe ya yi faɗi, ba zai ƙara komawa mazauninsa ba. Sai ya sa doli ta ciki, wannan dunƙulen ƙarfe mai santsi, yana tokarewa da hagu, dama tana sauke tudun da ƙananan bugu, kas, kas, kas, yana zagayowa daga gefe. Ina kallo ramin yana tasowa da kansa ba a taɓa shi ba.

Wurin da ya riga ya miƙe, wanda in ka danna sai ya yi ɓas ya dawo, shi kuma wuta ce maganinsa. A gasa ɗan wuri kamar faɗin kwabo har ya yi ja, a bubbuga shi a kan doli da sauri, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma, sai ƙarfen ya tsuke. Kaurin bodin mota bai cika kai milimita ɗaya ba, daƙiƙa kaɗan ka ƙara sai ka huda shi ko ya kanannaɗe. Shi ya sa ko walda ba a jan ta a dogon layi, ɗigo-ɗigo ake yi, nan ɗaya, can ɗaya, ana barin wuri ya huce. Wannan ne Baffa ya kira bugun gwangwani.

Abin da ke ƙona mini rai a yau, yaro zai yi wata shida a gareji ya buɗe nasa. Ba ya tambayar ƙarfe komai. Ya ɗan bubbuga sama-sama, ya kwaɓa fila, wato abin cike ramin bodi, ya lafta kaurin yatsa, mai fenti ya rufa masa asiri. Zafin Gombe ya daki motar, ta shiga ramuka biyu uku, sai ka ga fenti ya tsage. Ni in za ka sayi mota, ɗauki maganaɗisu ka bi jikinta, duk inda ya ƙi kamawa ka san abin da ke ƙasa. Fila don cike ɗan abin da guduma ta bari aka yi ta. Kuma motocin yanzu ba 504 ba ne. Ginshiƙansu an yi su da ƙarfe mai tauri na musamman, in ka gasa shi da wuta don ya miƙe ka kashe ƙarfinsa, ranar da aka sake karo ba zai kare kowa ba. Irin wannan yankewa ake yi a sa wani. Kafin waldar lantarki kuma dole a cire batir, in ba haka ba ka ƙona kwamfutar motar mutane.

Na yi nisa. A ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya ba mu jiha, ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Bauchi, motoci suka cika gari, ga tirelolin simintin Ashaka ba dare ba rana. Aiki ya yi mana yawa har Maigida ya sayo injin waldar lantarki. Garkuwar fuska ɗaya ce a garejin, tana hannun mai walda, ni mai riƙe ƙarfe sai dai in kau da kai. Wani dare na farka idona kamar an zuba yashi, hawaye kawai, ba na iya buɗewa. Dada ta kwana tana ɗora mini tsumma mai sanyi. Da safe Baffa ya leƙo, bai ce sannu ba, ya ce ga ladan gwangwani nan. Shi ya sa duk yaron da ya shigo wurina yau, tabarau nake fara ba shi kafin komai.

Shekaru bayan haka, ina da nawa wurin, Golf ɗin babban ɗan Baffa ta faɗa rami a hanyar Kaltungo, gaba ya karkace har ƙofa ba ta rufuwa. Gareji biyu suka ce a sayar wa 'yan gwangwan. Goggo ce ta ce a kawo mini. Na ɗaure ta da sarƙa a gindin bishiya, na auna kusurwa zuwa kusurwa da igiya, na riƙa ja da jak kaɗan-kaɗan ta hanyar da dukan ya shigo, kamar yadda Maigida ya koya mini, har awon ɓangarorin biyu ya zo daidai. Baffa ya zo da kansa ranar da za a ɗauka. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe. Na ce, "Baffa, Allah ya kiyaye gaba." Ya ce amin, ya shiga. Ban karɓi ko sisi ba, shi ma bai janye maganarsa ba.

Na tsallake batun yaye ni, da yadda aka yi ta ja-in-ja a kan kayan aikin da aka yi alkawarin za a sallame ni da su, har Hamma ya sa baki. Doli ɗaya da guduma biyu na fita da su. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.