Kafin ka zuba jarinka a fetar

Wani ɗan maƙwabtanmu, bai cika ashirin ba, na tarar yana lissafin kuɗin da zai kai Kano ya saro fetar, abin wasan wutar nan da ake kunnawa ya fashe da ƙara, saboda ƙarshen shekara. Sana'ar da na yi ke nan da ƙuruciya a bakin kasuwar Dole ta Damagaram, nan Nijar, shi ya sa bakina ya ƙi shiru.

Na sayar wa yara ƴan shekara bakwai. Na jibge kwalaye a ɗakin da muke kwana, murhun gawayi na ci a bakin ƙofa. Ban taɓa taka ofishin magajin gari na tambaya ko an yarda ba. Lokacin kowa na yi, kuma ƙarar fetar ba ta sa mutane gudu, don sai a 2015 Boko Haram ta fara kai hari Diffa da Bosso. Ribar ce ta biya mini haya, ba sata na yi ba. Amma na san albarushi ne a ciki, na kuma san hannun wa zai shiga. Wannan ba ni da abin cewa a kai.

Ƙanena, ganin kaya a fili kan tebur ba ya nufin doka ta halatta shi. Gwamna ko hukumar gari na da ikon hana sayarwa da kunnawa da sanarwa guda, "ban ji ba" kuma ba ta fid da kai. Kayan da ya shigo ba takardar duwan fasa-ƙwauri ne: a ƙwace, a ci ka tara. Ƴan sanda ko jandarma na iya tsare ka awa 48, mai gabatar da ƙara na iya ƙarawa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar magana sai an yi ɓarna. Kundin hukunta laifuka na Nijar, na 1961, ya tanadi kaso da tara ga wanda ya raunata ko ya kashe mutum ta hanyar sakaci, ko da bai yi niyya ba. Bayan haka ga diyya. In yaro ƙarami ne ya kunna, iyayensa za a bi. Ka duba lokacin kuma: hunturu, iska na kaɗawa, zana da dangar kara sun bushe ƙamas, ga kwalaben fetur jere a bakin titi. Fetar guda ɗaya ya isa.

Yaran yanzu ma abin nasu ya wuce namu. Sai su riƙe a hannu, ko su jefa ƙarƙashin ɗan kabu-kabu, wani na ɗauka da waya don TikTok. Da hannunku kuke haɗa wa alƙali shaida!

Kada ka saro, shi ke nan. In ka ƙi ji, to je ka fara tambaya a kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, kada ka sayar wa yaro, kada ka kwana ɗaki ɗaya da kayan. Wanda aka kunna bai tashi ba, kada a leƙa shi. A bar shi minti 20, a tsoma a bokitin ruwa. Ƙuna kuwa, ruwan sanyi za a yi ta zubawa minti 20, ba man goge baki ba, ba gishiri ba, sannan asibiti. In gobara ta tashi a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.